TSAKANINMU MATA: Baƙin Gilashi Ado, Fari Kuma Abin Kunya?

   

Yau dai a kan ido za mu tattauna, ko kuwa in ce a kan abin da muke rufe idon da shi. Duk wadda ke shiga Kasuwar Shehu Abubakar Gumi, ko take bi ta titin Ahmadu Bello ko tashar Kawo, ta san masu tallar gilashin nan da ke yawo da allo a hannu, an jera su reras, ga baƙi, ga ruwan ƙasa, ga mai sheƙi kamar madubi. In Sallah ta gabato ko lokacin bukukuwa, sai ki ga 'yan mata sun yanyame mai allon, wannan ta gwada ta leƙa ɗan madubinsa, waccan tana tambayar ƙawarta ko ya karɓe ta. Babu mai jin nauyi. Amma ita wannan yarinyar da ta tara kuɗin tararta ta sayi baƙin gilashi, ranar da likita ya rubuta mata fari na magani sai ta kai shi can ƙasan akwati ta binne, ta gwammace ta yi ta lalube a aji da dai a ce da ita mai ido huɗu. Wannan abu ya daɗe yana ɗaure mini kai.

Bari mu fara da baƙin, tun da shi ne ɗan gata.

Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, ni kuwa na ce a fuskar ma ido ne sarkin magana. Kunya a ido take, tsoro a ido yake, so da ƙi duk nan suke fara leƙowa tun baki bai buɗe ba. Mu marubuta mun fi kowa sanin haka. Ɗauki duk littafin soyayyar da kika ga dama, ba za ki wuce shafi biyar ba sai kin tarar da dara-daran idanu farare tas, ko ya kafe ta da ido ta sunkuyar da kai tana wasa da zobenta, ko kuma ta watsa masa harara ta shige gida. Shi ya sa ma ake lulluɓe amarya har sai ranar buɗar kai, don an san in aka bar idonta a waje kowa zai karanta abin da ke ranta. To wanda ya ɗora baƙin gilashi a fuskarsa ya rufe wannan ƙofar ke nan, shi yana ganin ki sarai, ke kuwa kanki kawai kike gani a jikin gilashinsa.

Masu mulki sun daɗe da gane wannan. Marigayi Janar Sani Abacha, wanda ya mulki ƙasar nan daga 1993 zuwa 1998, har yau in aka ambace shi abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne baƙin gilashin nan da ke yawancin hotunansa. Iyayenmu kan ce rabin kwarjininsa a nan yake, domin ba ka sanin wa yake kallo, balle ka san ko ya ji daɗin maganarka.

To wannan soja ne kuma shugaban ƙasa. Amma shi saurayin da zai zo zance bayan sallar isha'i, ya tsaya a zauren gidanku ga duhu ga baƙin gilashi, shi kuma wace ƙasa yake mulka? Malam, rana ta faɗi tun ɗazu. Ƙanwata, ki roƙe shi cikin ladabi da 'yar dariya ya cire. In lalura ce da shi zai faɗa miki, kuma wannan ba abin dariya ba ne, akwai masu ciwon da haske ke damu, akwai wanda tsautsayi ya taɓa wa ido ɗaya. In kuwa ya hau kame-kame, to ki sa lura. Wani jan idon shaye-shaye yake ɓoyewa, wani ƙarya ce ba ya iya yin ta ido cikin ido, wani kuma bakinsa na wajenki idonsa na kan ƙanwarki da ta kawo ruwa. A Suratun Nur an umarci maza da mata su runtse ganinsu, kuma da maza aka fara. Baƙin gilashi bai ɗauke wa kowa wannan umarnin ba, sai dai ya hana mutane kama shi.

Akwai kuma wani baƙin gilashin da ba na iya yin wasa a kansa. Za ki je gidan biki ko suna ki ga wata baiwar Allah, wadda kika san ba ta saba sawa ba, ta shigo da ƙaton gilashi ta zauna a lungu, a cikin ɗaki ma ba ta cire ba. In an tambaya ta ce Afolo ne, ko ƙofa ce ta buge ta cikin duhu. Sau da yawa ƙofar nan tana da hannu da yatsu biyar. Don Allah in ƙawarki ce ko yayarki kada ki fizge gilashin a gaban mutane, kada kuma ki kawar da kai ki ce ba ruwanki. Ki ja ta gefe ki tambaye ta. Maganar auren a kai ta gaban manya, ba a rasa waɗanda za su tsawata. Shi kuwa idon a kai shi asibiti a ranar, domin duka a ido kan bar jini ko tsagewa a ciki inda ba a gani, kumburin waje ya saɓe cikin mako guda a ɗauka an warke, bayan watanni gani ya fara tafiya.

Tun da na ambaci Afolo bari in ɗan tsaya a kansa. Sunan ya samo asali ne a shekarar 1969, lokacin da annobar jan idon ta ɓarke a ƙasar Gana, a daidai shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata da kumbonsu Apollo 11, sai mutane suka haɗa biyun suka laƙaba wa ciwon sunan kumbon. Har gobe a ajinmu na 'yan mata in wata ta kamu sai a ce kada a kalli idonta, wai kallo ne ke ɗauka, ita kuma ta nemo baƙin gilashi ta sa don kada ta shafa wa mutane. Gilashin yana da amfaninsa, yana rage mata zafin haske, yana kuma ɗan hana hannunta kai wa ido. Amma ƙwayar cutar ba ta tafiya a cikin kallo. A hannu take tafiya, da tawul, da hankici, da filo, da gefen hijabin da aka share hawaye da shi, uwa uba maciyin kwallin nan da 'yan ɗaki guda ke karɓa-karɓa da shi kowace safiya. Shi kansa gilashin in ta warke ta ara wa wata, ta ba ta ciwon ke nan a hannu. Maganinsa wanke hannu da sabulu, da raba kayan shafa, da haƙuri, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu yake wucewa da kansa.

Abin da ke makantar da mutane a lokacin Afolo shi ne abin da ake ɗigawa. Ruwan sukari, ruwan albasa, nonon uwa, fitsari, har da ruwan batirin mota na ji ana faɗa. Subhanallahi! Idon da ƙwayar ƙura ɗaya ke hana shi sakat shi za a zuba wa ruwan batir? Haka nan maganin ɗigawa na kemis da ba likita ne ya rubuta ba, akwai irin da ke kashe ja nan take har ki sa wa mai kemis albarka, alhali in an daɗe ana ɗiga shi yana jawo hawan jinin ido, wanda in ya cinye gani ba ya dawowa. In kika ga gani ya ragu, ko zafi ya yi tsanani, ko mugunya mai kauri na fita, ko kuwa jariri ne sabon haihuwa idonsa ke ruwa, to wannan ya wuce zaman jira.

Kada a ce na tsani baƙin gilashi. Ina da shi, ina kuma sawa. Wadda ta taɓa hawa babur daga Kawo zuwa Unguwar Rimi a tsakiyar hunturu, ƙura na shiga ido hawaye na zuba kwalli na bin kumatu, ta san ranarsa. Ranar garin nan ma ba ta wasa ba ce. Sai dai ga wani abu da ba kowa ta sani ba. A cikin hasken rana akwai wani ɓoyayyen haske da ido ba ya gani, shi ne ke yi wa ido illa a hankali, yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido. Gilashin kirki shi yake tarewa, kuma akan rubuta UV400 a jikinsa. Baƙin fenti kawai ba ya tare shi. Hasali ma in kika sa baƙin da ba shi da wannan kariya, ɗan baƙin tsakiyar idonki zai ƙara buɗewa don ya ga kamar duhu ya yi, sai muguwar ranar ta sami ƙofa a wangale. Rubutun ma ana iya manna shi a jikin na bogi, don haka wadda ta samu hali ta saya a shagon masu gilashin magani. Su kuma yayyenmu da samarinmu masu walda a Panteka, a gaya musu gilashin allo ba na walda ba ne. Wannan raɗaɗin da ke tashin su cikin dare kamar an watsa musu yashi a ido, ƙunar hasken walda ce.

Sabon yayin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan faifan nan mai launi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido, amarya ta wayi gari da ido ruwan toka ko ruwan zuma kamar kyanwa. Ana sayen sa wajen masu kwalliya, mai kwalliyar ta sa mata da hannun da ta gama shafa hoda, a kwana da shi, a yi alwala da shi, gobe ƙawar amarya ta ara. Abin nan kayan asibiti ne, sai an auna ido ake ba da shi, ba a kwana da shi, ruwan famfo ba ya taɓa shi, ba a kuma aro. Gyambon da yake haifarwa a baƙin ido cikin 'yan kwanaki yake barin hakiya. Angon da ya gan ki ya ce yana so ai da baƙin idonki ya gan ki.

To mu dawo kan fari, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro.

A kowane aji akwai ta. Ita ce mai rigimar bencin gaba, in ba ta samu ba ta yini tana leƙen littafin ta kusa da ita. Tana ƙanƙance ido in tana kallon allo, tana kwafar 3 a madadin 8, kanta na ciwo kafin a tashi. A hanya a gaishe ta daga nesa ta wuce, a ce girman kai gare ta. Malam ya ce daƙiƙiya ce, a gida a ce wasa ya yi mata yawa, ita kanta ta yarda ba ta da ƙwaƙwalwa, domin ba ta san sauran 'yan ajin suna ganin abin da ba ta gani ba. Ta ɗauka haka allo yake a wajen kowa, dishi-dishi. In sakamako ya yi ta zuwa da ja, kin san maganar da ke biyo baya a gidajenmu: tun da bokon ya ƙi, a yi mata aure. Yarinyar da gilashi ɗaya zai kai ta jami'a sai a cire ta a aji uku.

Wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki abu ne da za a iya karewa ko a gyara amma ba a yi ba. A nan gida, babban binciken makanta da aka yi a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007, a kan 'yan shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa rashin gilashin da ya dace shi ne kan gaba wajen jawo raunin gani mai sauƙi da matsakaici. In manya masu kuɗin kansu haka suke, ina ga 'yar makarantar da sai ta roƙa?

Na san abin da ake faɗa, don ni ma a cikin garin nake. Wai in kika fara sawa kin shiga ke nan, idon zai saba ya lalace. Gaskiyar maganar ita ce, rashin hangen nesa yakan fara ne a shekarun makaranta, yana kuma ƙaruwa yayin da jiki ke girma har wajen shekara 20, ko kin sa gilashi ko ba ki sa ba. Shi ya sa in aka koma awo bayan shekara ɗaya ko biyu sai a ga lamba ta ƙaru, sai a ɗora wa gilashin laifi. Sannan wadda ta saba ganin duniya tangaran, in ta cire dole ta ga hazon ya fi na da, don yanzu ta san bambanci. Wai kuma yana sa ido ya faɗa ciki. Wannan aikin gilashin ne, irin na masu rashin hangen nesa yana nuna ido ƙarami ga mai kallo, ki cire ki duba madubi idonki na nan yadda Allah ya yi shi.

Sai babbar maganar, wadda ba a faɗa da ƙarfi: wai samari na gudun mai gilashi, dangin miji kuma za su ce an kawo musu mai lalura. A nan ina da ƙorafi a kan littattafan da ke kasuwa da finafinanmu. Da wuya ki ga tauraruwar labari da farin gilashi. Kullum mai gilashi ita ce muguwar firinsifal ko tsohuwar da ke zare ido ta samansa. Namiji kuwa in ya sa sai a ce ɗan boko ne, likita ne, ya yi kyau. To me ya sa abin da ke ƙara wa namiji daraja zai rage wa mace? Ina kira ga 'yan'uwana marubuta mu ba wa kyakkyawar yarinyar nan gilashi, mu bar attajirin saurayin ya mace a kanta a haka, mu ga ko littafin zai ƙi sayuwa. Ke kuma ƙanwata, saurayin da zai fasa don kina ganin gabanki, ki sa gilashin ki ƙare masa kallo da kyau, wataƙila ke ce za ki riga shi fasawa.

Abu ɗaya dai, gilashin magani ba a aro, ba a kuma zaɓar sa a allo. Kowane ido da lambarsa, sau da yawa ma na dama daban na hagu daban. Na yayarki da ya yi mata daidai ke ciwon kai zai sa miki.

Ki kuma duba Umma. In ta haura 40 kika ga tana nesanta Alƙur'ani da fuskarta, ko kullum sai ta kira ki zura mata zare a allura, ko tsakuwa ta fara yawa a shinkafar da ta tsince, ba wani ciwo ba ne, shekaru ne, kowa zai je nan in ya yi tsawon rai. Ɗan gilashin karatu ya wadatar, amma a fara kai ta a auna, don a shekarun ne hawan jinin ido ke shigowa ba sallama. Ƙaramin ƙaninki kuma mai ido ɗaya a karkace, kada a ce zai miƙe in ya girma. Wani lokaci likita kan rufe lafiyayyen idon da filasta na wasu awoyi a kullum, don a tilasta wa ragon ya koyi aiki. Iyaye kan ga kamar mugunta ce su cire, alhali dabarar ta fi ci kafin yaro ya kai shekara 7 ko 8.

Su kuma kakanninmu masu yana, binciken nan na 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta makafi miliyan 1.13 a cikin 'yan 40 zuwa sama, kashi 43 cikin 100 yanar ido ce ta makantar da su, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar duka abin da za a iya kaucewa ne. Abin takaicin, sama da 4 cikin kowane ido 10 da aka taɓa saboda yana, masu bi gida-gida da tsinke ne suka soke su suka tura yanar ciki, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na waɗannan idanun a makance aka same su. A asibiti kuwa aikin ba ya daɗewa, a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a cikin idon, a rufe da auduga da bandeji, yawanci washegari a buɗe. Duk wadda ta taɓa tsayawa a wajen lokacin da aka ɗaye wa tsohuwa bandeji ta kalli jikar da ba ta taɓa ganin fuskarta ba, ta san ba a riƙe hawaye.

Mu mutanen Kaduna ba mu da uzuri ko kaɗan. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1979, a garinmu take, nan gefen titin baifas na Nnamdi Azikiwe, mutane na tasowa daga jihohi masu nisa su kwana a hanya don su zo inda mu kuɗin Keke Napep zai kai mu. Ga asibitin koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari. Masu karatunmu na Kano kuma ga asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari tun 1943, ga na Makka.

Kafin ki je ma ki gwada kanki yau. Ki tsaya a ƙarshen aji, ki rufe ido ɗaya da tafin hannu ba tare da kin danna ba, ki karanta allo, sannan ki sauya. In ɗaya ya gaza, ko ƙawarki na karanta abin da ke ba kya gani, ki gaya wa Umma ko malamar ajinku a yau ɗin. Ranar zuwa ki yi sammako don layi, ki bar kwalli da gashin ido na kanti a gida, ki tafi da wani babba, domin wani lokaci ana ɗiga maganin da ke buɗe ido ya bar ki da dishi-dishi na wasu awoyi. A ranar kam ki riƙo baƙin gilashinki, zai yi miki amfani a hanyar dawowa. In an zo zaɓen firam kuma kada ki bari a ɗauko miki irin na Kaka, ki tsaya gaban madubi ki gwada goma, ki ɗauki wanda ya dace da fuskarki da ɗaurin ɗankwalinki.

Wadda ke da tambaya ko wadda aka taɓa tsokana a kan gilashinta ta rubuto mini ta adireshin mujalla, zan amsa a wannan fili ba tare da na ambaci suna ba. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.